Gandun Gidan Dada

An haifi Malam Barau a Damari, cikin ƙasar Sabuwa, a zamanin da auduga ce ke yi wa samari aure. 'Ya'yan mahaifinsa Malam Dada da suka rayu uku ne, duk maza: shi Barau, sai Audi, sai autansu Hadi, wanda aka haifa bayan Barau ya fara gemu. Barau ya yi karatun allo har ya sauke, bai shiga boko ba. Ya auri Suwaibatu daga Ruwan Godiya, kuma ita kaɗai ya zauna da ita.

Gidan Dada gidan gandu ne. Gona babba ɗaya ce ta gida, kuma duk namijin da ya isa riƙe fartanya cikinta yake wuni tun sanyin safiya har azahar. Abin da aka noma na gida ne, ba a cewa damin nan na wane. Mai gida shi ke ciyar da kowa da damina, shi ke sayen kayan aiki, shi ke biyan sadaki idan yaro ya isa aure, shi ke kawo ragon suna. Bayan azahar, da kuma ranar Juma'a, kowa sai ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa ya noma don kansa. Abin da ya samu a can nasa ne, ko ya sayar ko ya ci, ba mai tambaya.

Akwai doka ɗaya da Malam Dada bai taɓa sassautawa ba. Da an gama girbi sai a rufe hatsin gandu, ba a taɓa ko tiya ɗaya sai ruwan shuka ya sauka. Da rani kowane ɗaki ya ci daga gayaunarsa, mazan kuma su tafi ci-rani. Tsohon ya ga yunwa da idonsa yana yaro, ya ga mutanen da suka sayar da hatsi da kaka suna yi wa wasu ƙwadago da damina, gonakinsu na cinyewa da ciyawa. Da ya zo mutuwa bai bar wa Barau wata doguwar wasiyya ba. Ya ce ya riƙe ƙannensa, kada ya bari a raba gona, kada ya buɗe hatsi kafin ruwa.

Barau ya riƙe. Gidajen gandu a Damari suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, yawanci tun ba a yi sadakar arba'in ta mai gida ba, amma gidan Dada ya tsaya. Mutane kan yi misali da shi wajen sulhun 'yan'uwa. Shi kuwa bai ɗauki abin a matsayin abin yabo ba, aiki ne aka ba shi.

A tsawon shekarunsa ya ga gwamnati ta shigo gona ta fita ba sau ɗaya ba. Yana saurayi gwamnati ce ke sayen auduga, ita ke yanka farashi, ka kai wurin awo a auna a biya ka abin da aka ce, ba ciniki. Daga baya malaman gona suka zo daga Funtuwa da takin zamani da irin masara, suna roƙon mutane su karɓa. Mutane suka karɓa, ƙasa ta saba da taki har ta daina haihuwa idan babu shi. Sai aka wayi gari an ce gwamnati ta cire hannu daga auduga, kowa ya nemi mai sayen tasa. Takin kuma ya zama abin da ake rabawa ta hannun 'yan siyasa, wata shekara gidansu ya samu, wata shekara a ce mota ba ta iso ba. Da ɓarayin daji suka tsananta, wata gonar da suka ƙara a can bakin daji ta gagari zuwa, suka bar ta, gandu ya koma gonar kusa da gari kaɗai. A wannan ma bai ga kowa ya zo ya tambaye su yadda suke ci ba. Duk wannan Barau ya ɗauke shi kamar yadda yake ɗaukar ruwan sama: idan ya zo a shuka, idan ya ɗauke a jira.

Shekarar da aka cire tallafin mai komai ya tashi, har da hatsi. A kakar shekarar da ta biyo baya masara ta yi tsadar da tsofaffi ba su taɓa ji ba. Gandun gidan Dada kuwa ya yi kyau a shekarar. Aka casa masara, aka ɗinke buhuna, aka jera su a ɗakin ajiya da ke bayan zaure, Barau ya sa kwaɗo ya rataye mabuɗin a wuyansa.

Ran nan bayan la'asar suna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida, shi da ƙannensa, sai ga Shamsu, babban ɗansa, wanda ke koyarwa a wata sakandare a Sabuwa, ya zo hutun ƙarshen mako. Ya gaida su ya zauna a gefen tabarma, ya dubi igiyar mabuɗin da ke wuyan ubansa.

"Baba, ka san abin da kake yi a gidan ga yana da suna a littafi?"

"Gandu sunanshi," in ji Barau.

"A littafi gurguzu ake ce mashi. Kowa ya yi aiki iya ƙarfinshi, a ba kowa iya buƙatarshi. Akwai ma ƙasashen da suka kai abin ƙarshe, suka ce duk ƙasar gandu ɗaya ce, gwamnati ce mai gida. Ba mai gonar kanshi, ba mai shagon kanshi. Shi ake kira kwaminisanci."

"Ba gayauna?" Hadi ya tambaya.

"Ko tafin hannu."

Audi ya tuntsire da dariya. "Ashe Yaya na da 'yan'uwa a Turai ba mu sani ba. To malam ticha, ni fa? Me littafin ya ce a kaina?"

"Kai ɗan jari-hujja ne, Baba Audi, ba ko tantama. Kowa tashi ta fisshe shi. Kasuwa ke yanka farashi, gwamnati ta koma gefe ta yi kallo. Mai jari ya ƙara jari."

"Marar jari fa?"

"Ya yi wa mai jari aiki."

"To ai haka duniya take tun kafin a yi littafin naku. Da kuɗin wa aka biya ka ka karanto wannan?"

"Da kuɗin gandu," in ji Shamsu, suka yi dariya duka, har Barau ya ɗan murmusa. Shamsu ya ci gaba. "Akwai kuma na tsakiya. Gwamnati ta riƙe manyan abubuwa, irin su mai da taki da asibiti, ta bar wa mutane sauran. Kamar dai gandu da gayauna."

Hadi ya ce, "Mu a ƙasar ga wanne muke ciki?"

Shamsu ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba Hadi, duk shekara sai wani yaro ya yi mani wannan tambaya a aji. Allah ke taimakona a buga ƙararrawa."

Da dariya ta lafa, Audi ya gyara zama ya fuskanci yayansa. Tun farko abin da ya kawo shi tabarmar ke nan.

"Yaya, ni na kai masarar gayaunata Dandume, na sai da, ka ga mashin ɗin da na sawo. Masu kamfanin abincin kaji har rige-rige suke. Ka buɗe ɗakin nan mu fidda ko da rabi ne, mu sayi taki tun yanzu mu aje. Farashin ga ba zai daɗe ba."

"Ruwa bai sauka ba."

"Na san bai sauka ba. Ba ci za mu yi ba, juya shi za mu yi ya zama taki."

"Baba bai ce sai in ci za a yi ba. Cewa ya yi kar a buɗe."

"Baba bai ga buhun masara ya kai haka ba."

"Da damina zai fi haka," in ji Barau. "Ka taɓa ganin shekarar da hatsi ya fi tsada da kaka a kan damina?"

Audi bai taɓa gani ba, Hadi ma haka. A iya sanin kowa a wurin, Barau ne ke da gaskiya. Audi ya kaɗe rigarsa ya tashi, ya hau sabon mashin ɗinsa ya tafi.

Tun kafin azumi aka fara jin labari a rediyo cewa gwamnati ta sassauta wa masu shigo da hatsi daga waje, don talakan birni ya samu abinci da sauƙi. Barau ya ji, bai ga abin da ya haɗa wannan da ɗakin ajiyarsa ba. Sai farashi ya fara sauka. Kowace ranar kasuwa Audi ya dawo daga Dandume ya tsaya a bakin zaure ya faɗi yadda aka sayar, ba tare da ya dubi kowa ba, ya wuce ciki. Masu kamfanin abincin kaji suka daina zuwa. Manyan 'yan kasuwar da suka ɓoye hatsi suka tsorata suka fito da shi gaba ɗaya, abin ya ƙara faɗuwa. Suwaibatu ta taɓa yi masa magana sau ɗaya, tana miƙa masa ruwan alwala.

"Malam, ko za ka duba maganar Audi?"

"Saura kaɗan ruwa ya sauka," ya ce.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata da rana tsaka. Washegari Barau ya cire mabuɗin daga wuyansa ya buɗe ɗakin a gaban ƙannensa, kamar yadda ake yi kowace shekara, ya yi bismillah, aka ware na ci. Sauran aka loda a mota zuwa Dandume. Shi da kansa ya bi motar. A kasuwa ya tarar masara ta koma ƙasa da rabin abin da Audi ya sayar da tasa, taki kuwa bai sauko ko kaɗan ba, hawa ma ya yi. Da kaka buhun masara ɗaya na sayen buhun taki. A ranar sai ka ba da biyu ka cika.

Ya tsaya a gaban dillali yana jin farashin. Dillalin ya maimaita, a zatonsa tsohon bai ji ba.

"Na ji," in ji Barau. "Auna."

Ya dawo da takin da bai kai rabin abin da gonar ke ci ba. A mota bai ji wani abu a ransa da zai iya kira baƙin ciki ba. Ya dai lura cewa direban ya canza hanya saboda gadar da ruwa ya ci, ya lura an yi sabon masallaci a wani ƙauye.

Daminar ta zo da kyau, ruwa bai yi ƙaranci ba. Amma masarar gandu ta tsaya iya ƙugu, ganyenta ya yi rawaya. A gefe guda gayaunar Audi, wadda ya saya wa taki tun da kaka, ta yi baƙi ƙirin ta fi mutum tsawo. Duk mai wucewa ta hanyar sai ya ga bambancin. Sannu a hankali aikin gandu ya fara sanyi. 'Ya'yan Audi sukan zo a makare, kafin rana ta take sun fara duban sama. Hadi, wanda bai taɓa musu da yayansa ba, ya fara cewa bayansa na ciwo da safe, da yamma kuwa a gan shi a gayaunarsa yana huɗa. Barau bai yi wa kowa faɗa ba. Yakan riga kowa zuwa, ya yi noman da zai iya, ya koma gida.

Shamsu ya zo cikin watan takwas, ya bi ubansa gona, ya tsaya yana kallon masarar.

"Baba, ba laifinka ba ne. Ranar da za a cire tallafi cewa aka yi a bar kasuwa ta yi halinta. Da kasuwa ta yi halinta a kan hatsi kuma aka sa hannu aka danne. Su ma na birni da gaskiyarsu, yunwa suke ji. Amma ba a taɓa yi wa manomi haka a tsari ko ɗaya cikin ukun da nake koyarwa."

"To," in ji Barau. Ya sunkuya ya tuge wata ciyawa ya jefar. "Ka gaida mutanen gidan."

Abin da aka girbe bai isa ciyar da gidan damina ɗaya ba. Ba a kai ga rufe ɗakin ajiya ba Audi ya zo, wannan karon tare da Hadi, suka zauna a zaure. Audi ne ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba.

"Yaya, ba rashin kunya na zo yi ba. Ka riƙe mu, ka yi mana aure, ka raɗa wa 'ya'yanmu suna, Allah Ya saka. Amma ina da 'ya'ya tara. Shawara ɗaya ta mutum ɗaya ta kwantar da mu duka. Gara kowa ya riƙe nashi, in ya yi kuskure ya yi shi kaɗai."

"Me za ka yi da naka?"

"Alhaji Uwais na son haya, shi da ke da tarakta. Rabi in ba shi, rabi in noma."

Barau ya juya ga autan. "Kai ma?"

Hadi bai ɗago kai ba. "Ni duk yadda kuka yi, Yaya."

"A'a. Faɗi."

"A raba."

Barau ya jira ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Shekaru da yawa yana tsoron wannan rana, yana tsara abin da zai ce idan ta zo, yadda zai tuna masu da kalmar mahaifinsu. Da ta zo sai ya tarar kalmomin na nan amma ba shi da ƙarfin ɗaukarsu. Ya ce, "Ku gaya wa mai unguwa da liman su sa rana."

Aka sa ranar Asabar. Liman ya yi addu'a, mai unguwa ya kawo doguwar igiya, aka ja ta daga gabas zuwa yamma, aka kasa gonar uku. A kan kowace sabuwar iyaka aka haƙa rami aka dasa tushen gamba. Barau ya riƙe bakin igiyar da aka ba shi, inda aka ce ya tsaya ya tsaya. Aka ba shi zaɓi a matsayinsa na babba, ya ce ko wanne. Aka ba shi na tsakiya. Hatsin da ke ɗaki aka kasa uku, fartanyoyi da buhuna da amalanke duk aka san yadda aka yi da su.

Sai aka zo kan shanun huɗa. Bijimai biyu ne, fari da ja, da suka shekara da yawa suna jan garma tare. Ba a raba biyu gida uku, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Mai unguwa ya ce wani ya riƙe su ya biya sauran. Audi ya ce shi tarakta za ta yi masa. Hadi ba shi da abin biya, Barau ma haka. Aka tsaya a kan a sayar. Alhaji Uwais ya aiko aka saya, don yana ba da su haya ga masu ƙananan gonakin da tarakta ba ta shiga. Barau ne ya kwance su daga turke ya miƙa igiyar ga wanda aka aiko. Jan ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi fita sai da aka buge shi.

Daga ranar kowane ɗaki ya ɗora tukunyarsa. Audi ya ja katanga ya fasa ƙofa ta gefen titi. Ba a yi gaba ba, ana gaisawa a masallaci, ana zuwa suna da jana'iza, yara na shiga ko'ina. Suwaibatu ta ce tuwon mutum huɗu ya fi na mutum talatin wuyar tuƙawa, don hannunta bai san awon ba, kullum sai ya yi saura. Mutanen gari suka daina misali da gidan Dada, suka samu wani abin magana. Da rani aka ce gwamnati za ta raba taki mai rahusa, aka rubuta sunaye a gidan mai unguwa. Barau ya je aka rubuta nasa, ya dawo, bai sake tambaya ba.

Da ruwa ya sake sauka ya je gidan Alhaji Uwais neman hayar shanu. Ya tarar da layi, ya bi. Aka ce masa sai bayan kwana huɗu, ya ce to. Ranar da aka sa, wani magidanci mai suna Sadiq, baƙo daga wajen Mabai da ke yi wa Alhajin aiki, ya zo da bijiman, farin da jan, ya ɗaura masu garma a gefen gonar. Barau ya nuna masa tushen gamba na gabas da na yamma.

Sadiq ya kafa garma ya kora. Shanun suka ɗauki kunyar huɗa ta farko a miƙe, ba sai an nuna masu ba. Da suka iso tushen gamba na yamma ba su tsaya ba. Suka wuce kai tsaye cikin kason Audi, inda tarakta ta riga ta bi, suna nufin tsohuwar iyaka can gindin ɗorawa, inda suka saba juyawa. Sadiq ya yi ta ja yana tsawa, da ƙyar ya tsayar da su.

"Baba, shanun ga ba su jin magana yau. Ko har can ne naka?"

"A'a," in ji Barau. Ya taka zuwa tushen gamban ya tsaya a kansa, don su gan shi. "Dawo da su. Nan za su riƙa juyawa."

Sadiq ya juyo da su, suka kama kunya ta biyu. Barau ya tsaya a wurin har aka gama huɗar, duk lokacin da suka iso ya ɗaga hannu su juya. Kafin hantsi ya yi zafi an gama. Ya sallami Sadiq, ya ɗauki ƙwaryar iri ya fara shuka.